Ƙwaya Ɗaya da Safe

Malamai sun hana zagin mamaci, ni kuwa ban taɓa zagin Goggo ba. Abin da ta yi kawai nake faɗa. In ya fito da kamannin zagi, to, tsakaninta da aikinta ne. Ba ma goggona ba ce, goggon matata ce ta farko, yayar mahaifinta, wadda ta binne maza biyu ta tattara komatsanta ta dawo gidan ƙanenta a Jakara ta kafa mulki. Shekaru sun ja, kaina ya yi fari, amma ban huce ba, ba kuma zan yi ƙaryar na huce don a ce ina da haƙuri ba.

A shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni tela ne a lokacin, ina da keken ɗinki na ƙafa da 'yar rumfa a Ƙofar Wambai, ina zaune a Zaitawa a gidanmu na gado. Tun kafin aure ba ma ga maciji da Goggo. Ta taɓa aiko mini da atamfa in ɗinka mata riga, da na mayar sai ta baza ta a tabarma ta auna da hannu, ta ce na ci mata rabin yadi. Ban ci ba. Daga ranar ta gama magana a kan duk wani mai riƙe allura a duniya: tela ba ya cika alkawari, tela ba ya mayar da ƙyalle, namijin kirki kuma ba ya wuni a zaune yana zura zare. Da ta ji ina zuwa ajin yamma ina koyon boko sai laifina ya zama biyu. Malam Tela take kirana, tana jan malam ɗin yadda ko kurma zai gane ba girmamawa ba ce.

Matata kuwa mace ce mai dariya. Ko tuwo ya kama a tukunya dariya take yi, ta ce ƙanzo ma abinci ne. Ina son ta ƙwarai, ba na jin kunyar rubuta haka yanzu, ko da yake a wancan zamani faɗin wannan sai a ce an shanye mutum. Da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita Jakara, kamar yadda ake yi, ta haihu a gaban iyayenta ta yi wankan jego a can. A tsakiyar bazara ta sauka, aka sami 'ya mace. Na yi abin da ake bukata na miji. Na aika da jakunan itace, na aika da kanwa da citta da kanumfari da masoro, na sayi rago, na sayi ƙafafun saniya na ƙauri. Iyakata soro, don miji ba ya wuce soro a gidan surukai, ballantana gidan da ake jego.

Wankan a hannun Goggo yake, ba ma a gidan kaɗai ba, a duk layin. A wurinta cuta ɗaya ce a duniya, ita ce sanyi, maganinta kuma wuta. Safe da yamma za a ɗora babbar tukunya sai ta tafasa, Goggo ta tsoma damin ganye ta dinga fyaɗa wa mai jego ruwan tun daga wuya har ƙafa. In an gama a shigar da ita ɗaki, ta kwanta a gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Sannan a kawo kunun kanwa, ƙwarya guda, a tsaya a kanta sai ta ga gindinta. Zan yi mata adalci sau ɗaya: mata da yawa sun bi ta hannunta sun tashi garau, uwata ma haka aka yi mata. Ni kaina ban ga aibun abin ba a lokacin, da gumina na sayi itacen.

Bayan suna da kamar mako biyu na fara jin tari. Nakan biya kowace safiya kafin in buɗe rumfa, in zauna a soro in gaida surukina, a fito mini da jaririya in gani. Ɗakin da matata take yana jingine da bangon soron, don haka duk abin da aka yi a ciki ina ji. Tari ne busasshe, haki na bin bayansa, kamar na wadda ta hau Dala da tulu a ka. Na tambayi Goggo da ta fito karɓar jaririyar. Ta ce sanyi ne ya ɗan leƙo, ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa, ni dai in ƙaro itace in daina tambayar abin da ba na maza ba.

Surukata, uwar matata, tana cikin gidan tana gani. Amma matata 'yar farinta ce, ba ta kiran sunanta, ba ta kallon ta ido da ido, ba ta sa baki a sha'aninta. In ta nuna damuwa a kanta sai matan layi su kwana suna yi da ita, a ce ba ta da kunya. Saboda haka bakinta a ɗaure yake, Goggo kuma ta san da haka. Wanda ya rage mini shi ne surukina, muna ce masa Baba. Fatauci yake yi na goro, ya ga garuruwa, ya taɓa kwanciya a asibiti a kudu aka yi masa aikin gwaiwa ya tashi. Na sami ranar da muke mu biyu na ce masa, Baba, don Allah ka shiga ka duba da idonka.

Ya shiga, ya fito fuskarsa ta sauya. Ya ce ƙafafun 'yarsa sun kumbura har cinya, in an danna yatsa sai ya bar rami, ba ta iya kwanciya sai a zaune, kwana uku ke nan a jingine take barci. Ranar na ji yaya da ƙane sun ɗaga murya a kan juna. Goggo tana cewa tun da uwarsu ta haife su ba a taɓa fitar da mai jego kafin arba'in a gidan nan ba, sai yanzu da aka haɗa zuri'a da mai allura. Baba yana cewa 'yarsa ce. Ya aro mota wurin wani abokin cinikinsa, motar ba ta shiga lungu, sai a tabarma muka ɗauko ta zuwa bakin titi. Goggo ta biyo mu har ƙofa tana faɗa wa maƙwabta su zama shaida, in wani abu ya faru ba hannunta.

A asibiti wani likita Bature ya sa abin saurare a kunne ya bi ƙirjinta da bayanta, ya duba jijiyar wuyanta, ya ce a ba ta gado. Aka jingine ta da matasan kai, aka yi mata wata allura a cinya, aka ba ta 'yan ƙwayoyi farare. Allurar nan ta fitsari ce. Tun daga yammacin ranar ta fara, sai ka ce an fasa randa, tasa na cika ana kwashewa. Allurar ta sa ta ƙishirwa da jiri, wani lokaci ƙafarta ta ɗaure har ta yi ƙara, amma cikin 'yan kwanaki sai ga idon sawunta ya fito. Ta fara kwanciya. Ta fara cin tuwon asibiti da ba gishiri tana yamutsa fuska, tana cewa ko akuya aka ba sai ta yi ƙorafi. Abin dariya, a asibitin Nasara na fi ganin matata da 'yata fiye da gidan iyayenta, don can akwai lokacin ziyara, ba mai tsayar da ni a soro. Goggo ba ta taka wurin ba ko sau ɗaya.

Ranar sallama likitan ya sa aka kira ni, malamin asibiti yana fassara. Ya ce zuciyarta ce ta gaji. Ciki ya ba ta aiki, haihuwa ta ƙara mata, sannan aka zo da zafi da kanwa aka ɗora a kai. Gishiri da kanwa suna riƙe ruwa a jiki, ruwan ya yi wa zuciya yawa ta kasa tura shi, sai ya kwanta a ƙafafu da huhu. Allura ta kore ruwan, za a riƙa kawo ta duk mako a sake yi. Ƙwayar kuma daga ganyen wani tsiro na ƙasarsu ake yin ta, tana ƙara wa zuciya ƙarfin bugu, tana rage mata gaggawa. Amma ba ta fita daga jiki da wuri, taruwa take yi, kuma tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa tazarar kaɗan ce. Ɗaya da safe, ba ƙari. In ta daina son abinci, ko ta fara amai, ko ta ce tana ganin abubuwa sun koma rawaya, a dakatar nan take a kawo ta. Ya kama wuyan hannuna ya nuna mini inda ake jin bugun zuciya, ya sa na gwada a hannun matata. Ya ba ni kwalbar ƙwayoyin da za su isa wata guda.

Na so in wuce da ita Zaitawa. Baba ya ce kada in yi masa haka, ya riga ya saɓa wa yayarsa sau ɗaya, in aka ce mai jego ta koma ɗakin miji ba ta yi arba'in ba, ba zai iya ɗaga kai a masallaci ba. Ya yi mini alkawarin ba wanka mai zafi, ba garwashi, ba kanwa. Ya kira Goggo soro don in faɗa mata dokar maganin a gabansa. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama. Na zazzage ƙwaya ɗaya a tafin hannuna na nuna mata. Ta sunkuyo ta duba, ta yi tsaki, ta ce wannan abin da bai kai kashin ɓera ba shi ne zai yi abin da tukunyarta ta kasa. Na haɗiye, na maimaita mata abin da likita ya ce, kalma bayan kalma. Da na zo kan amai sai ta ɗago.

"Ashe yana sa amai?"

"In ya yi yawa, Goggo. In kin ga amai, guba ya zama, a tsaya."

"Na ji, Malam Tela. Kawo."

Ta karɓe kwalbar ta ƙulle a gefen zane, ta ce mai jego ba ta riƙe magani. Baba ya ce haka ne. Bayan kwana biyu ya hau jirgin ƙasa ya tafi kudu sarin goro, don fatake ba sa jiran kowa.

Ƙurar motar da ta kai shi tasha ba ta kwanta ba na ga hayaƙi yana tashi daga tsakar gida da sassafe, irin hayaƙin babbar tukunya. Na aika a kira Goggo. Ta ce kwanakin da aka yi a asibiti ba sa cikin lissafi, sai an rama su, ruwan kuma ɗumi ne kawai. Na tambayi kanwa, ta ce ɗan abin da zai sa kunu ya yi launi. Na ce likita ya hana, ta ce likita ya taɓa haihuwa? Haka muka riƙa yi kullum, ni a tabarma, ita a bakin ƙofa, kowa na jin kamar ya shaƙe ɗan'uwansa. Ta kira ni mijin ta ce. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na ce mata wani babban in ya hau rimin ma makaho ne. Ta shiga gida ta shelanta cewa surukin gidan ya zage ta. Ranar allura ta zo, na samo mota, ta ce ba inda za a je, an fitar da yarinya sau ɗaya ya isa. Na tsaya a soro ina huci har mai motar ya gaji ya tafi.

Duk tsorona a kwanakin nan ɗaya ne, kada ta zubar da ƙwayoyin a masai. Kullum sai na tambaya, an ba ta? Kullum sai ta ce an ba ta, cikin wata murya mai nuna in na ƙara tambaya zan ji abin da ba na so. Tarin ya dawo ta bayan bango, ya ɗan yi kwanaki, sannan ya ragu. Sai na fara jin wani sauti dabam, irin na mai kakari. Na tambaya, aka ce jaririya ce take tumbuɗi.

Wata safiya, kamar kwana goma da sallama, Goggo ta fito baki har kunne. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma da hannunta, ta kawo mini kunun tsamiya da ƙosai, ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambayi mutanen Zaitawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mutum ba ya rasa abin koyo ko ya tsufa, ita dai ta raina maganin Nasara, ashe su ma sun san abin da suke yi. Raina ya yi fari, har na ce a zuciyata yau Allah ya kawo ƙarshen rigima. Ina cikin kurɓar kunu sai ta kwance gefen zanenta ta miƙo mini kwalbar, ta ce in koma in karɓo wata, wannan ta kusa ƙarewa. Na ɗaga kwalbar. 'Yan ƙwayoyi ne suka rage a gindi, ba su rufe shi ba.

Ban ma tambaya ba, ita ta yi ta bayani, tana alfahari. Ta ce da ta ga kumburin ya fara dawowa sai ta gane ɗaya ba ta isa ba, yaya za a yi ƙwayar gero ɗaya ta ƙosar da doki. Sai ta mayar da shi safe da rana da yamma, ta daka ta zuba a kunu. Kwana biyu sai ga amai. Nan ta sakankance an dace, don tun da take ba ta taɓa ganin maganin kirki da bai fitar da cuta ta sama ko ta ƙasa ba. Sai ta ƙara. In yarinyar ta amayar, ta sake ba ta, don kada a yi asara. Yanzu kuma, in ji ta, abin ya kai ga cutar shawara, ta fara fitowa ta ido, don tun jiya take cewa komai rawaya take gani.

"Goggo, ba na ce miki in kin ga amai a tsaya ba?"

"Kai ka ce. Ni kuwa na san amai tun ba a haifi ubanka ba. Ciwo yana bakin fita sai a tsaya?"

Na ajiye ƙwaryar na miƙe. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba, na ɗaga labulen soro na shiga gidan surukaina. Mata suka watse suna neman mayafi, wata ta yi salati kamar ta ga ɓarawo. Na tura ƙofar ɗakin, zafi ya bugi fuskata kamar na leƙa tanda. Tana zaune a kan gadon ƙasan nan ta jingina da bango, leɓɓanta sun bushe, ga ƙwaryar amai a gefe. Ta dube ni ta yi ƙoƙarin dariya.

"Malam, kai ne a nan? Za a yi da kai fa. Wa ya rina maka riga? Kai ma ka koma rawaya."

Farar riga ce a jikina. Na kama wuyan hannunta yadda aka nuna mini. Bugu ɗaya, sai shiru har in fid da rai, sai biyu a jere, sai shiru. Na ɗauke ta, ba ta fi damin kara nauyi ba a sama, ƙafafun ne kawai suka yi nauyi.

Goggo ta riga ni bakin ƙofa ta buɗe hannuwa. Ta ce ba mai fitar da mai jego daga gidan nan sai ta kan gawarta, an kusa gamawa zan ɓata mata aiki. Na ce mata ta kauce ko in bi ta kanta, kuma Allah ya sani da na bi. Sai na ji murya daga bayanta, an kira matata da sunanta na yanka. Surukata ce. Tun da ta haife ta ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta cire mayafinta ta lulluɓe 'yarta, ta kama ƙafafun, ta dubi Goggo ta ce, "Yaya, ki ba shi hanya." Goggo ta kauce, ba don ta yarda ba, mamaki ne ya kawar da ita.

Ba mota ranar. Amalanken wani ɗan dako muka samu a bakin titi, ya zubar da buhunan da ya ɗauko muka shimfiɗa ta, ni da shi muna turawa, surukata tana biye da jaririya a baya. Rana ta ɗaga, kasuwa ta cika, mutane suna dare mana hanya. A asibiti likitan ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama ya duba, ya tambayi yaushe aka sallame ta, ya faɗi wata magana da Turanci wadda malamin asibiti bai fassara mini ba. Abin da aka fassara shi ne, ba su da abin da zai zaro maganin daga jiki, sai dai a jira jikin ya fitar da shi da kansa, in zuciyar ta iya jira. Suka yi abin da za su iya, ban ga sakacinsu ba. Ta kwana, ta wayi gari, ta sha ruwa bai dawo ba, har na fara sa rai. Ta tambaye ni ko an ba jaririya nono a wurin wata, na ce an ba ta. Bayan azahar ina riƙe da hannunta, bugun ya yi irin shirun da yake yi, na jira na biyun bai zo ba.

Aka buga wa Baba waya, bai iso ba sai bayan sadakar uku. Kafin ya iso magana ta riga ta zauna. Ina soro da maza ana karɓar gaisuwa, Goggo tana ciki da mata, muryarta na ratso bangon nan da na saba saurare. Kuka take yi, kukan gaske, ban ce na ƙarya ba ne. Tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa ciwo ya zo bakin fita, saura ƙiris, sai mijin ya faɗo gida kamar mahaukaci ya sunkuci mai jego da ɗanyen jiki ya kai ta cikin iska a kan amalanke. Sanyi ya samu ƙofa a buɗe. Mata suna cewa Allah sarki, suna cewa ai boko bai bar kowa da hankalinsa ba. Ba wadda ta ambaci kwalba. Na tsani matar nan a ranar yadda ban taɓa tsanar wani mahaluki ba.

Da Baba ya dawo na faɗa masa komai, na nuna masa kwalbar. Ya daɗe yana kallon ta, ya ce kwana ne ya ƙare, a bar maganar, ba zai tozarta yayarsa da furfura a kanta ba. Surukata ta koma shirunta na da, har ya fi na da. Goggo kuwa ba abin da ya ragu a cinikinta, ana ta zuwa ɗaukar ta wanka daga unguwa zuwa unguwa, har ma aka ƙara yarda da ita, tunda ga abin da ya sami wadda aka fitar daga hannunta. Jaririyar aka ba wata mai goyo a gidan ta shayar. Da aka yaye ta na zo ɗauka, Baba ya roƙe ni in bar wa surukata ita, ita kaɗai ce abin da take kallo ta ji sanyi a ranta. Matar da ta kama mini ƙafafun 'yarta ranar nan, ban iya ce mata a'a ba.

Na ci gaba da zuwa soron nan duk Juma'a. Yarinyar ta tashi da dariyar uwarta, tana jin sallamata za ta fito da gudu ta lalube mini aljihu. Wata ƙaramar salla, tana da shekara biyar ko shida, na ɗinka mata riga da ɗankwali, na ɓata kwana biyu a kan aikin wuyan kaɗai. Na yi sallama, ba ta fito da gudu ba. Sai da aka kira ta sau biyu, ta zo ta tsaya nesa da tabarma, hannuwa a baya. Na miƙa mata rigar, ta karɓa, tana kallon ƙasa.

"Baba, wai kai ne ka fitar da innata waje iska ta buge ta?"

Na tambaye ta wa ya faɗa mata, ko da yake na ga labulen soro yana motsi. Ta ce kowa ya sani. Na buɗe baki in yi mata bayanin kanwa da ƙwaya da bugun zuciya, na rasa ta inda ake fara wa yarinya 'yar shekara biyar. Na ce mata ni na fitar da ita. Ta ninke rigar yadda ta ga manya na yi, ta ajiye a gefen tabarma, ta koma ciki.